Tsayuwata a Kan Soron Inna

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da wata La'asar ta tsakiyar damina ba, a gidanmu na gado kusa da Garo.

Kakanmu ne ya gina soron da mahaifiyata, Inna, take kwana a ciki. Da rijiyar tsohon garinsu ta ƙafe, jama'a suka watse suka bar shi kufai, shi kuwa ya ciro azarar ɗakinsa ya ɗoro wa jaki, ya rufa wannan da ita. Tun daga nan duk shekara sai a ƙara yaɓe a sama, ba mai kankare na bara.

Ranar ruwa ya wuni yana zuba, amma indararo ko ɗigo ba ya yi. Na san ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, sai na kafa tsani na hau. Ina kaiwa tsakiya na ji rufin ya lotsa a ƙarƙashin ƙafata, wani abu ya ce ƙas! Azara ce ta tsage.

Na ƙame a wurin, na ƙwala wa matata kira. "Fito da Inna, rufin zai rufta!"

Ta ruga ta dawo. "Maigida, ta tayar da salla! Na ja mayafinta, ko gezau."

Ga Inna da nauyin kunne. Na san in na ɗaga ƙafa, ni da rufin a kanta za mu sauka. Haka na tsaya, ruwa har idon sawu, ina jiyo kabbararta ta tsagar a hankali yadda ta saba. Ban taɓa sanin La'asar tana da tsawo haka ba.

Tana sallamewa matata ta sungumo ta waje. Na kwanta rub da ciki na rarrafa zuwa kan katanga. Ban gama sauka ba tsakiyar rufin ta rufta daidai kan buzunta.

Inna ta dubi ɗakin, ta dube ni. "Wa ya aike ka hawa da wannan ƙaton jikin naka?"



Daga ranar na koyi cewa gyaran tsohon gida ba ƙara masa ƙasa ba ne. Kafin ka ɗora masa komai, shiga ciki ka ɗaga kai ka duba abin da ke riƙe da shi.