Yadda Na Fassara wa Dada Maganar Likita

A shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Jimeta, lokacin Maiduguri ce hedikwatarmu, babu darasin da nake ji da shi kamar na ba da shawara da Turanci. Nakan zana tsani a allo. Can sama in rubuta must, ƙarƙashinsa should, sai why don't you, a matakin ƙarshe kuma, dab da ƙasa, in rubuta you might like to. Nakan ce wa 'yan aji bakwai, matakin sama dole ne, na tsakiya shawarar mai ƙaunarka ce, na ƙasa kuwa tayi ne kawai, irin wanda ake yi wa mai wucewa ana cin tuwo. Ba a littafi na ga tsanin nan ba, ni na ƙirƙiro abina, har hedimasta ya yaba. Ina da farar riga da biro biyu a aljihu, gani nake a duk unguwarmu ta Limawa daga kaina Turanci ya ƙare.

Babanmu ɗan Borno ne, fataucin kanwa ya kawo shi Jimeta, ya auri mahaifiyarmu, Bafulatanar Yola, wadda muke ce wa Dada. Yana da wa guda ɗaya a Maiduguri, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Bappa. Rabonsu da ganin juna tun kafin mulkin kai. Ba faɗa suka yi ba, bana ce ake ta ɗagawa zuwa baɗi, har tsufa ya cim musu.

Da daminar shekarar nan cikin Baba ya kumbura, aka kwantar da shi a asibiti. Ya kira ni bakin gado ya ce akwai maganar da yake son yi da yayansa baki da baki. "Amma tsoho ne, hanya kuma ta lalace. Kada a taso shi sai in likita ya ce. Kai ke jin yarensu, kai ne kunnena." Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata ɗa ya ji a gefen ubansa mara lafiya.

Likitan wani dattijon Bature ne mai magana ƙasa-ƙasa. Wata safiya ya duba Baba, ya daddanna cikin, ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya ja ni baranda, Dada na biye da mu da kwanon kunu a hannu. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "You might like to send for his people." Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Dada ta ce, "Mene ya ce?"

Na ce, "Cewa ya yi in mun ga dama mu sanar da dangi. Ba dole ba ne. Da abin ya yi tsanani, akwai kalmar da zai yi amfani da ita, bai kuwa faɗe ta ba."

Ta bi bayan likitan da kallo. Can ta ce, da Hausarta ta Yola wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "Wannan magana bai kwanta min ba. Da ka je gidan waya ka buga wa Bappanka, da bai ɓaci ba."

Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na tsaya a barandar asibiti ina yi wa uwata darasi. Na ƙirga mata matakan a yatsu, na nuna mata inda kalmar likita ta faɗo, can ƙasa. Na ce mu taso tsoho cikin wannan ruwa a kan tayi? Ba ta yi musu ba. Ba ta taɓa musu da namiji a gaban mutane ba, ko da ita ta haife shi. Ta gyara lulluɓinta ta shiga wa Baba da kunu. Da Baba ya tambaye ni, abin da na gaya mata shi na gaya masa, ya ce to alhamdu lillahi, a bari ruwa ya ɗauke.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha jin haka, ban san da ni ake ba. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne ba baƙon abu likitan ya yi ba. Mu ma in ciwo ya ci ƙarfin mutum cewa muke jiki ya ɗan yi nauyi. A gidan da na tashi, Dada ba ta taɓa ce wa Baba yi kaza ba, sai dai ta ce da an yi kaza, kowa kuma ya san an gama magana. Na san babbar magana a hankali ake faɗinta. Sai na ɗauka Bature shi ba ya jin nauyi, kalmominsa a jere suke kamar yadda na jera su a allo. Dada ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ta ga mutumin ya cire tabarau.

Kwana shida bayan nan Baba ya rasu, da hantsi, ina aji. A ranar na je gidan waya. Bappa ya kwana biyu a hanya cikin babbar mota, ya ƙetaro Binuwai a jirgin fito, ya iso ranar sadakar uku da laka har gwiwa. Da ya yi sallama a zaure sai da ƙannena suka fashe da kuka, don muryar Baba ce sak.

Bayan la'asar ya sa aka kira ni da Dada. Ta zauna a bakin ƙofa, ta juya gefe. Ya ce, "Ɗana, an ce kai ke magana da likita. Bai nuna muku komai ba? Ko da kwana uku na samu, da na tarar da shi."

Sai na ji Dada daga bakin ƙofa.

"Likita bai faɗi komai ba, Malam. Ina wurin. Yaro ya yi ƙoƙari."

Bappa ya gyaɗa kai, ya kama hannuna ya sa mini albarka, ya daɗe yana yi mini addu'a saboda yadda na tsaya wa ƙaninsa. Na zauna na karɓa, ina cewa amin. Dada ta yi shekaru masu yawa bayan nan, a ɗakina ta tsufa, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin ce mata ta yafe mini ba.