Asama'u Uba, wadda ta kore ni daga bakin gadon surukina

Ƙarfe shida da kwata na safe Hajiya Asama'u Uba take fitowa daga gidanta a unguwar Handsworth, ta tsaya a tashar bas da jakarta da lemarta. Kafin bakwai da rabi ta shiga sashen waɗanda aka yi wa tiyata. Wasu ma'aikatan jinya takarda suke fara dubawa. Ita sai ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya tana kallon yadda kowa ya kwanta: wa ya dunƙule, wa ya damƙe bargo, wa ke jan numfashi kaɗan-kaɗan kamar yana tsoron a ji shi. Shekara ashirin da tara ke nan tana aikin jinya, tara a Manchester tana zaune a Rusholme, sauran a nan Birmingham. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Bethany, wata nas da ta koyi aiki a hannunta, ta ba ni labarin wani tsoho da mantuwa ta cinye masa magana. Kowa ya ce rigima ce kawai yake yi in an juya shi. Asama'u ta lura gefe ɗaya yake karewa, ta nace sai likita ya duba, aka sami ƙurji a cinyarsa. Irin wannan labarin yana da yawa, amma nawa zan bayar, ko da yake ba ni da abin alfahari a cikinsa.

Shekara huɗu da suka wuce surukina, Alhaji Ja'afar, ya zo daga Kano ganin jikarsa da matata Shifa ta haifa. Kwana goma da zuwansa hanjinsa ya murɗe, aka yi masa aikin gaggawa. Shifa na jego, shi kuma ba ya jin Turanci, don haka ni na zama tafinta. A nan sukan tambayi marar lafiya ya auna ciwonsa daga sifili zuwa goma. Duk wadda ta tambaya, Baba sai ya kawar da kai ya ce ba komai, biyu ne. Ni kuma in isar da saƙo, har da murmushina, ina jin na yi aikin lada. An ba shi wani maɓalli da zai danna maganin ciwo ya shiga jijiya. Kwana biyu bai taɓa shi ba.

Rana ta uku zazzaɓi ya taso. Likita ya ce Baba ba ya jan numfashi sosai, ba ya tari, majina na taruwa a huhunsa, in aka ci gaba haka za a mai da shi sashen kulawa ta musamman, kuma a shekarunsa ba kowa ke fitowa ba.

Ranar ce Asama'u ta dawo daga hutu. Ta gaida Baba har da rusunawa, ta tambayi mutanen gida, sannan ta dube ni.

"Kai ɗansa ne?"

Na ce, "Mijin 'yarsa ne."

Sai ta ce, "Malam Nazir, don Allah je ka sha tea a canteen. Twenty minutes. Kada ka dawo kafin nan."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ni da na bar karatuna na tare a nan, ni za a kora? Amma na fita.

Baba da kansa ya faɗa mini abin da ya faru, bayan shekara guda, yana dariya. Ta ja labule, ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Baba, surukin naka ya fita. Ni ba zan kai labari Kano ba. Nuna mini inda yake ci." Ya nuna. Ta ce ya ja numfashi, ya kasa. Ta sake tambayarsa lamba, ya ce tara, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ta yaya dattijo zai yi raki a gaban mijin 'yarsa, ya kuma ce masa robar fitsari na damunsa? Maɓallin kuwa, ya ɗauka abin sa maye ne, yana tsoron ya hana shi salla. Ta yi masa bayani a tsanake, ta riƙe hannunsa ya danna na farko. Ta kira likita aka gyara magani, ta ɗaga masa kan gado, ta naɗe tawul ta ɗora kan ɗinkin ya rungume ya yi tari. Bayan rabin awa ta dawo ta sake aunawa. Ta kuma rubuta cewa daga yau a kira tafinta ta waya, kada a tambaye shi a gaban dangi.

Kwana biyar bayan nan Baba ya taka da ƙafarsa har bakin ƙofar sashen.

Hajiya Asama'u, ke ce kika san cewa mutanenmu sukan ɓoye ciwo saboda kunya, kika ƙi yarda kunyar ta kashe su. Ke ce ba ki raina dauriyarsa ba, ba ki kuma bar shi da ita ba. Mai sanyin hannu, mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sa ki sami mai duba ki yadda kika duba iyayen mutane.

'Ya'yanmu da ke karatun jinya a Manchester da Birmingham, ku je ku zauna da ita tun tana da ƙarfin magana. Mu kuma masu zaman jinya, mu koyi tashi mu ba da wuri.

Abu ɗaya ya rage. Da na dawo daga shan shayin nan na ji cewa ciwon tara ne ba biyu ba, na gane abin da na yi, na tsaya a baranda na kasa shiga. Kika zo kika ce, "Ba laifinka ba ne, ladabi ka yi. Shiga, yana nemanka." Ba ki taɓa faɗa wa Shifa cewa da bakina aka rubuta biyun nan ba. Ni ma na kasa faɗa mata shekara huɗu. Jiya da na gama wannan rubutu na miƙa mata. Ta karanta, ta goge ido, ta ce in ƙara mata layi ɗaya: 'yarta ta san kakanta, kuma ke ce sila.