Baƙin Gemun Baffa a Hanyar Dungas

Dutse zuwa Aujara

Ana sallame sallar asuba a masallacin layinmu na Takur na tada motar da na aro wurin abokin aikina, na kama hanyar Aujara. A baya akwai ƙwaryar goro da alawa, a cikina kuwa babu komai sai fargaba.

Ga abin da ya tashe ni. Ramatu, yarinyar da nake son aura, 'yar Dungas ce ta ƙasar Nijar, a gidan yayarta na gan ta a Dutse. Iyayenta sun aiko cewa in da gaske nake, manyana su je kafin azumi, don akwai wani ɗan kasuwar Magarya da ke ta zarya. Mahaifina ya rasu, babban da ya rage mini shi ne ƙaninsa, Baffa Sule. Shi kuwa Baffa, duk Aujara an san Nijar ta kore shi.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, yana tallar maganin gargajiya da lasifika a kasuwar Dungas ba ko takarda ɗaya, jandarmomi suka kama shi, ya kwana a hannunsu, suka sauke shi a bakin iyaka suka ce kada su ƙara ganinsa. Tun daga nan labarin ke ƙiba a majalisa. Ina yaro jandarma biyu ne suka zo. Bara da na ji, mota uku ce cike.

Na tarar da shi a ƙofar gida tare da amininsa Malam Garba, wanda zai raka mu. Sai da na ƙara dubawa. Gemun nan fari tas da muka sani ya koma baƙi wuluk, yana ta ƙyallin dayis.

"Baffa, lafiya?"

"Dabara ce, yaro. Sun san yanzu na tsufa, tsoho za su nema."

Malam Garba ya ce, "Sule, yarinyar fa ɗanka za a nemar wa."

Gujungu zuwa Gumel

A Gujungu muka karya. Ni da Malam Garba muka sha shayi da burodi, Baffa ya ƙi, wai tururi zai narkar masa da aiki. Ƙosai ya ci, yana jefa shi baki daga nesa. Nan ya sanar da mu cewa daga yau sunansa Malam Habu. Na tuna masa takardar tafiyar da na yi masa a Dutse Sule ta ce. Ya ce ai shi ya sa ba a ba yara aikin manya.

Gab da Gumel 'yan sanda suka tsai da mu. Ɗaya ya leƙa ya ga goro, ya dube ni, ya dubi Malam Garba, idonsa ya tsaya a kan gemun.

"Allah ya sanya alheri, ango. Ta nawa ce?"

Malam Garba bai daina dariya ba sai da muka wuce garin.

Maigatari

Alhamis muka zaɓa, ranar kasuwa, don Baffa ya ce cikin taro ake ɓuya. Muka bar motar a gidan wani ɗan ajinmu, muka taka zuwa bakin iyaka tsakanin raƙuma da shanu. Rana ta take, gumi ya fara aikinsa, wani baƙin layi ya gangaro kan wuyan farar rigar Baffa.

A nan na lura carbin da ke hannunsa yana rawa. Na ce ko mu koma, na nemi wani. Ya kalle ni ya ce, "Wani wa? Da ubanka na nan da ko da kuɗi ba ni zuwa. Amma ba za a ce ɗan wana ba shi da kowa ba." Wallahi sai na ji kunyar dariyar da na yi ta yi tun safe.

Jami'an iyaka na ɓangarenmu suka sallame mu. A ɓangaren Nijar wani saurayin jandarma ya karɓi takardu, ya buga hatimi, ya miƙo.

"Ku sauka lafiya."

Baffa bai motsa ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ba ka karanta sunan ba ne?"

Na kama hannun rigarsa, ya fizge.

"Yaro, ni ne fa Sule mai lasifika. Wanda aka kora daga Dungas."

Na ga aurena yana tafiya Magarya a ƙafa. Jandarman ya tambayi yaushe, Baffa ya faɗa masa.

"Ayya, lokacin ina goye. Wuce, Baba, akwai mutane bayanka."

A motar Dungas an cusa mu huɗu a baya har da wani fasinja, da buhun barkono a kan ƙafa, ba wanda bai yi atishawa ba, amma Baffa ko tari. Da kama shi suka yi da bai ji zafi haka ba.

Dungas

Bayan azahar muka isa. Mai neman aure ba ya shiga inda manya ke magana, don haka na zauna a dakalin waje, kunnena kuwa yana cikin zaure. Mai ba da auren kakan Ramatu ne, Alhaji Isuhu, tsoho mai dogara sanda. Aka gaisa, aka tambayi hanya da damina.

"Kai ne mai maganin ciwon baya," in ji tsohon.

Baffa ya ce, "Wa? Ni Malam Habu..."

"Kai ne. Ko gemunka bai sake ba. Da fari ne da ban gane ka ba."

Na dafe kai. Malam Garba ya kama wani tari da bai da shi.

Alhaji Isuhu ya ci gaba: "Kwalba ɗaya ka ba ni, ka ce maganin kashi biyu ne, in dawo kasuwa mai zuwa in karɓi cikon. Na dawo na tarar ana tafiya da kai. Tun ran nan rabin bayana ne ya warke. Ba ni taɓa goron mutumin da ya bar ni da rabin baya."

Ina jiran Baffa ya ba da haƙuri, sai na ji muryarsa ta dawo, irin ta majalisa.

"Alhaji, ashe ka tuna ranar?"

"Wa zai manta? Kasuwa duk ta taru tana kallo."

"Garba, ka ji ko? Alhaji, faɗa masa mota nawa suka zo da ita."

"Mota? Babur ne guda, su biyu a kai."

Jim kaɗan Baffa ya fito yana naɗe hannun riga, ya aike ni kasuwa in sayo tsamiya, jar kanwa, citta da kanumfari. Aka ba shi tukunya da murhu a bayan zaure, ya dafa, ya tace da gefen rawanin Malam Garba. Na matso na ce a hankali, "Baffa, wannan ne cikon?"

"Shi ne na farkon ma. Riƙe mini kofi."

Tsohon ya shanye, ya miƙe, ya yi wata miƙa har na ji ƙarar ƙashi daga waje. Ko maganin ne, ko jiran shekara ashirin ne ya sauka, Allah masani. Ya ce a miƙo goron.

"Mun ba ku. Gidan da ake cika alkawari ko an daɗe, ba a jin tsoron kai 'ya."

Aka shafa fatiha. Ni ma na shafa a kan dakali.

Komowa

A gidan muka kwana, aka cika mu da tuwon gero miyar kuka da fura mai nono. Da safe muka juyo. A bakin iyaka Baffa ya tsaya ya gaya wa saurayin jandarman nan ya je Dungas ya tambayi manya.

La'asar ta yi mana a Aujara. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa mutanen Dungas da mai motar aro. Kafin in gama sauke tsarabar dabino majalisa ta cika, Baffa na tsakiya da baƙin gemu da baƙin wuyan riga, yana ba da labarin yadda aka gane shi tun bai zauna ba. Wani ya tambayi batun motocin nan na da. Malam Garba ya buɗe baki, na yi maza na danƙa masa farin goro mafi girma a hannu.

Ran nan motocin suka zama huɗu. Aka juyo aka tambaye ni, tunda na je na ji da kunnena. Na tuna carbin nan da ya yi rawa a hannun Baffa a Maigatari, na ce ni biyar na ji an ce.