Takardar da Yaya Tasalla ba ta buga ba

Yaya Tasalla ta rasu. Da safen nan 'yarta Zinatu ta bugo min waya, ina tsaye a kicin da ludayi a hannu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake rubutu ina gogewa. Kaina a ɗaure yake, ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ba 'yar'uwata ta jini ba ce. Shugabata ce a aikina na farko, can a shekarun saba'in. Layinmu ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin unguwar ba ta cika ba, daga ƙofar gida kana hango gonaki.

Aikin namu shi ne, in an yi babban taro a Kano, na likitoci ko na malamai, wasu kan zo da iyalansu. Su suna can suna ta jawabi, mu kuma mu kwashi matan a bas mu zaga gari da su. Marina, kasuwar Kurmi, Dutsen Dala, da ziyarar wani gida su ga yadda muke zaune. Ita ke tsara komai. Ni nake buga takardu a tafireta, in kira sunaye a ƙofar bas.

Sau biyu tana zuwa ta durƙusa a gaban Babana kafin ya yarda in yi aikin. Shekarata goma sha tara.

Jakarta ba ta rabuwa da mayafai, saboda baƙin da kan zo da gajeren siket. Ita ta koya min a hau Dala da sassafe, kuma kada in bar mai farin kaya ta matsa bakin ramin baba a marina. Ranar da takalmina ya tsinke a tsakiyar Kurmi nata ta cire ta ba ni, wai ita ƙafarta ta saba da ƙasa.

Takan ce, "Uwani, yadda kika ɗauko baƙuwa haka za ki mayar da ita, sai dai ki ƙara mata fara'a."

To ga abin da yake cina.

An yi wani taron likitoci. Aka ba ni takardar mahalarta, duk wanda ya zo da ɗan rakiya an yi masa alama a gefen sunansa. Na zauna na buga tawa takardar: uwargidan Dakta wane, uwargidan Dakta wane, har goma sha huɗu. Ko a mafarki ban kawo cewa a cikin likitocin akwai mace ba, kuma mijinta ne ya rako ta.

Ranar farko lalle muka shirya musu, don ya kama sosai kafin liyafar rufe taro. A Tarauni ne, gidan wani Alhaji mai fataucin goro, gidan kulle na gaske. Da ƙyar Yaya ta shawo kansa, ta yi masa alkawarin mata ne zalla. Tun da safe ta wuce can ta shirya wuri, ta bar ni da bas.

Ina kiran sunaye a ƙofar otal, na zo kan na tara, sai wani dogon Bature mai sanƙo, da kyamara rataye a wuya, ya ɗaga hannu yana murmushi. Matan suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da zan yi ba. Kunya ta hana ni cewa babban mutum ya sauka. Na ce a raina in mun isa ai zai tsaya a soro, wa bai san namiji ba ya wuce soro ba?

A ina zai sani, bawan Allah?

Da muka isa, ina baya ina kama hannun wata tsohuwa tana saukowa daga bas, shi kuwa ya bi sahun mata. Soron farko, na biyu, sai tsakar gida. Matan gidan suna zaune kai babu ɗankwali ana kwaɓa lalle. Salati kawai na ji da gudu. Da na shiga ƙwaryar lalle a kife take, shi kuma yana tsaye da hularsa a hannu yana ta ba da haƙuri da Turanci, babu mai saurarensa.

Alhajin bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi wa Yaya, "Malama, haka muka yi da ke?" Washegari ya kai ƙara ofis.

Shugaban ofis ya kira mu mu biyu, takardar tana hannunsa. Ya ce, "Wa ya buga wannan?"

Na san in labari ya kai wa Babana cewa ni na shigar da ƙato gidan kulle, ni da aiki har abada.

Yaya ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya dube ta, ya dube ni, ya rufe fayil. Aka mayar da ita ɗakin ajiye takardu. Ba ta shekara a can ba ta ajiye aikin. Kujerarta kuwa, daga baya ni aka ba.

Na yi shiru ranar, na ci gaba da yin shiru. Ta zo bikina. Ita ta fara yi wa ɗan farina wanka. Ba ta taɓa ta da maganar ba, ni kuma na maƙale a bayan shirunta. Ina jin kunyar faɗa, amma haka aka yi.

Wata biyu da suka wuce na ji jikinta ya matsa, na je. Tana nan a tsohon gidanta, zaune a kan tabarma, ƙafafu a kumbure. Muka gaisa, ta tsokane ni wai na yi ƙiba kamar ba ni ce nake hawa Dala da gudu ba. Na matsa kusa na ce, "Yaya, gafara na zo nema. Maganar Baturen nan na Tarauni."

Ta ce, "Wane Bature?"

Na fara bayani, takardar, bas ɗin, lallen. Ta katse ni. "Ke dai har yau ba ki daina surutu ba. Miƙo min butar can, la'asar ta kusa."

Na fito na zauna a mota na yi kuka. Na ce shi ke nan, na makara, tsufa ya tafi da tunaninta.

Yau a waya, cikin kuka, na faɗa wa Zinatu cewa na ga mantuwa ta kama Yaya a ƙarshe. Ta ce, "Mantuwa kuma, Anti?" Na ce ai ko Baturen Tarauni ba ta tuna ba. Ta ce, "Baturen lalle? Ko makon jiya sai da ta ba wa jikokinta labarinsa, har da sanƙonsa, tana dariya tana tari. Kullum cewa take ita ta yi kuskure wajen buga sunaye."

Jama'a, Yaya Tasalla ba ta iya tafireta ba. Ko yatsa ɗaya ban taɓa ganin ta ɗora a kai ba. Dalilin da ya sa aka ɗauke ni aiki ke nan, kowa a ofishin ya sani.

Ashe ba ta manta ba. To me ya sa ta ce min wane Bature? Ta yafe ne tun tuni, har take ganin babu abin da zan roƙa? Ko kuwa abin yana ranta ne, ba ta so ta furta? Wallahi ban sani ba. Na juya maganar ta kowace fuska, ban gane ba. Kalma biyu na je nema, "na yafe", ban samu ba, kuma wadda zan tambaya bayan azahar za a kai ta makwancinta.

Mayafina yana kan cinyata, na kasa tashi. Amma kafin in shiga gidan nan in kalli 'ya'yanta da jikokinta, bari in faɗi abin da na kasa faɗa a ofishin can.

Ba ita ba ce. Ni na buga takardar. Ni ce, Uwani.

Ya Allah, yadda ta rufa min asiri tsawon rayuwarta, Ka rufa mata nata. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarta, Ka ba iyalanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a da sunanta. In kun gama, ku roƙa min Allah Ya sa ta yafe min.