Ashana a Al Aziziya

Muna idar da sallar asuba muka ɗauki hanya daga Zariya zuwa filin jirgin Kano, ni da maigida da ƙaninsa. Ni jika zan je gani. An haife ta a Doha tsakiyar korona, lokacin da aka rufe ko'ina, na shekara biyu ina ganinta ta waya kawai. Su kuwa gasar ƙwallo ta kofin duniya ce ta kai su, duk da maigida ya rantse zumunci ne. Hanyar Kano har yanzu ana aikinta, nan a karkatar da ku, can a mayar da ku hannu ɗaya, ni kuma ina rungume da jakar kuka da daddawa kamar zinariya.

Doha gari ne mai tsabta har ta ba ka haushi. Ka nemi leda ɗaya a ƙasa ka rasa. Jirgin ƙasansu ba direba, na yi ta karanta addu'a har muka sauka. Alayyahu ɗauri ɗaya kuwa, da na ji kuɗinsa na mayar musu da abinsu a hankali. Abin da ya yi mini daɗi shayinsu ne mai madara da citta, da kuma mai gadin ginin da ɗiyata take a Al Aziziya, ɗan Zangon Kumasi, wanda ya tare ni da Hausarsu mai zaƙi.

Gidan da ke fuskantar namu an ba wasu baƙi haya saboda gasar, mata da miji daga Ajantina. Matar ba za ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Kanta a ɗaure da ɗankwali, hannun riga har wuyan hannu, siket har ƙasa. Na ɗauka Musulma ce. Sai da muka haɗu wajen shanya muka gwada Turancinmu, nawa na sakandare, nata ma a karye, ta ce mini Bayahudiya ce. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba.

Amma hira ta ja mu. Ta ce tun ranar aurenta babu namijin da ya ƙara ganin gashinta sai mijinta, kuma ba ta musabaha da maza. Ta ce a wajensu maza ne ke da wajibin taruwa don addu'a, sai sun cika goma. Ita nata aikin a gida yake: duk Juma'a kafin rana ta faɗi za ta kunna kyandir biyu ta yi addu'a, da haka ranar hutunsu ta Asabar ke shigowa gidan. Rana na faɗuwa, shi ke nan, ba a ƙara kunna wuta sai daren gobe. Matar da ta yi sakaci ta rasa, al'adarsu ta ce ta ƙara kyandir ɗaya duk mako har ƙarshen rayuwarta, don ta riƙa tunawa. Ta ce ko da korona ta kwantar da ita, da rarrafe ta je ta kunna.

Juma'armu ta farko, maza sun dawo masallaci sun baje a falo. Rana a can da wuri take faɗuwa, kafin biyar an kira magariba. Wajen huɗu da 'yan mintoci, Senegal na wasa da masu masauki, ina kicin ina tuƙa tuwo, na ji an ƙwanƙwasa. Ƙanin maigida ne ya buɗe. Na ji muryar maƙwabciyar nan. Ta ce murhun gidansu na lantarki ne, an karɓe musu laitar kunna wuta a ƙofar filin wasa, mijinta ya fita nemo ashana cunkoso ya riƙe shi. Ashana take roƙo.

Ya ce mata babu. Ya mayar da ƙofa, ya dawo yana dariya.

Na fito da muciya a hannu na ce, "Wa ya ce maka babu? Da me muke kunna gawayin turare?"

Ya ce, "Matar yaya, kin san ko su wane ne? Na ga mijin da 'yar hularsa. Ko kin manta Falasɗinu?"

Ban manta ba. Babu sujadar da nake yi ban saka su ba, kuma na fi shi zubar musu da hawaye. Amma wannan baiwar Allah ba ƙasa ta zo karɓa a ƙofarmu ba, tsinken ashana ta roƙa. A Islamiyya da aka karantar da mu haƙƙin maƙwabci, ban ji malam ya ce sai ka fara tambayar addininsa ba. Na faɗa masa haka. Sai ya ɗaga kafaɗa, idonsa na kan talabijin, ya ce, "To ai ba ma ibada ba ce. Da mazan ne za su yi sallarsu, da sauƙi. Wannan kyandir ne na mata, khalas, magana ta ƙare."

Nan ne raina ya ɓaci na gaske. Na mata. Haka suke cewa. Mace ta tashi tsakar dare ta yi nafila da goyo a baya, ta dafa sahur, ta koya wa yaro Fatiha tana wanke-wanke, duk wannan na mata ne, ba ya shiga lissafi, tunda ba a sahun gaba aka yi shi da babbar riga ba. Ashe cutar ba ta san addini ba, har kyandir ɗin wata sai an raina don mace ce ke kunnawa.

Na ɗauko akwatin ashanar, na ja mayafi. Falon cike da maza, har da surukina, wanda ko ido ba ma haɗawa. Kunya ta kama ƙafata, amma agogo ba ya jin kunya. Na tsaya kan maigida na ce, "Alhaji, zan leƙa ƙofar nan."

Ya ce, "Don Allah ku bari a ga wasan nan."

Na ce, "Izini nake nema."

Ya kalle ni, ya ga fuskata, ya ce, "Je ki."

Na same ta zaune a ƙasa bayan ƙofa, ta haɗa kai da gwiwa. Da ta ga abin da ke hannuna ko godiya ba ta tsaya yi ba, ta duba agogo ta ruga teburi. Tsinke na farko ya karye, na biyu ya mutu. Na uku ya kama. Ban shiga ba, daga bakin ƙofa na tsaya, don addininta nata ne, nawa nawa ne. Ta kunna duka biyun, ta kewaya hannu a kan wutar sau uku, ta rufe idonta da tafukanta. Ba na jin yarenta, amma na ji tana jero sunaye a hankali, kuma duk uwa ta san wannan muryar. Tana sauke hannu ba da jimawa ba ladan ya ɗaga murya, na juya na tafi alwala.

Sauran kwanakin mun zaga. Mun je tsohuwar kasuwa na sayo turare, mun ga dogayen benayen West Bay har wuyana ya ƙage, jikata ta saba da ni har tana bin bayana. Ƙanin maigida kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma a jirgin dawowa na sa aka canza mini kujera.

Mun sauka Kano lafiya, muka iso Zariya da la'asar. Abin da na koyo shi ne, mutum kan iya haddace sunan abokan gabar addininsa kaf, alhali bai san ladabin buɗe ƙofa ba. Kuma ibadar da ake yi a cikin gida ba ƙarama ba ce don babu mai gani.

Na ji yanzu ƙanin maigida yana yawo da labarin a majalisa, wai matar yayansa ta je Doha ta taya Bayahudiya bauta. Idan ya iso muku ta bakinsa, ku tambaye shi yaushe ya yi la'asar ran nan. Ni na gani. Sai da aka tafi hutun rabin lokaci ya miƙe, ya dungura ta da sauri, liman yana cikin magariba.