Madubin da aka rataya min a gaban keke

Ku zo ku ji, yau ni Nafisa mai kunya na buɗe baki!

Daga makaranta na wuce shagon da nake koyon ɗinki. Ina shiga sai na ga madubi rataye a gaban kekena. Nawa kaɗai! Har da sabuwar ƙusa.

Anti Binta, mai shagon, ta ce, "Naki ne. Masu kawo ɗinki sun ce girman kai gare ki, kullum fuska a ɗaure. Ki dinga kallo kina koyon murmushi. In kin ƙi, ki bar keken ki koma guga."

Guga fa! Ni da na fara haɗa wuyan riga!

Ummi, da kekenta ke kusa da nawa, ta kwashe da dariya. "Washe mana baki mu gani, Hajiya Shiru!"

Na zauna na kama aikina. Can na ɗaga ido, sai ga Anti a cikin madubin, tana bayana tana zura zare a allura. Kai, fuska! Goshi a tattare, baki a zumɓure, ido ɗaya a rufe. Wallahi ta fi ni!

Na miƙe, na ciro madubin na riƙe shi a gabanta.

Ta kalli kanta. Ummi ta toshe baki da mayafi.

Na ce, "Anti, ke ma ai ba fushi kike ba, aiki kike. Don Allah ki duba ɗinkina, ki bar min fuskata da kekena."