Sauro Ba Ta Taɓa Na Gida

Sunan Sauro ni na raɗa mata, kuma ban taɓa ba ta haƙuri a kai ba. Ranar da ƙanena, wanda kowa ke kira Tela, ya zo yana sosa ƙeya ya ce ya sami matar aure, sai na tambaye shi sana'arta. Ya ce jini take ɗiba a ɗakin gwaji na asibitin da ke bayan kasuwa. Na ce kai da kake neman suma in an yanka kaza, ka rasa wadda za ka kwaso mana sai sauro? Da na gan ta kuwa, sunan ya zauna daram: siririya, mai dogon wuya, magana ƙasa-ƙasa kamar a kunne take raɗa maka. Shekara ashirin da shida ke nan, yanzu har likitoci da shi suke kiranta.

Wurin aikinta bai fi ɗakin ajiyar kaya girma ba. Kujera ɗaya ce mai faffaɗan hannu inda ake shimfiɗa dantse, sai igiyar roba, kwanon auduga, da jerin 'yan kwalabe masu murfi launi-launi. Bayan labule akwai firji mai tari kamar tsoho da na'urar da ke juya jini. Can ne mazaunin abokin aikinta, Mai Tabarau, wanda ke auna abin da ta ɗiba, ya rubuta a takarda, ya miƙo ta taga.

Sauro ba ta kallon fuska, hannu take kallo. Ko a taro kuka haɗu, kina gaishe ta idonta na kan gwiwar hannunki, tana lissafin inda jijiya ta kwanta. Jarirai da tsofaffin da jijiyarsu ta ɓuya, da mata masu ƙiba irina, duk wurinta ake turo su. In ƙato ya zauna yana zare ido, sai ta tambaye shi sana'arsa, kafin ya gama yabon kansa ta danna masa auduga ta ce ya tashi. Sau ɗaya take soka allura. Ban taɓa jin wanda ya ce ta yi masa biyu ba.

Doka ɗaya gare ta: ba ta taɓa na gida. Ba ta ɗibar jininmu, ba ta auna shi, ba ta son a faɗa mata sakamakonsa muddin allura na hannunta. Dalilin ya daɗe. Tana sabon shiga aiki mahaifiyarta ta kwanta, ita kuma ta ce ai ga ƙwararriya a gida. Ta soki tsohuwa sau huɗu ba ta sami jijiya ba, wurin ya yi baƙi ƙirin. Ciwon ya tafi da uwar bayan mako biyu, kuma da tabon nan a hannunta ta tafi. Tun daga ranar, duk ɗan gida da ya shigo, sai ta ɗaga labule ta kira Mai Tabarau, ita ta fita tsakar asibiti ta tsaya.

Tela kuwa dokar ta yi masa daɗi, don da ma shi ba ya son kowa ya taɓa shi. Mutum ne da ke wuni da allura a baki, wata a hula, wata a ƙirjin riga, amma ya ga ta asibiti sai ya nemi ƙofa. Shagonsa shi ne ɗakin gaban gidansu. In ta dawo da yamma yakan ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya tambaye ta mutum nawa ta ciza yau, ita kuma ta ce saura shi. Haka suka yi ta zama, 'ya ɗaya Allah ya ba su, ta yi aure nesa.

Shekarar da zazzaɓin dengi ya shigo mana, bayan ruwan sama ya yi yawa ne. Kowane gida da durom a buɗe, kowane lungu da tsohuwar taya cike da ruwa, sauro mai zane-zane a ƙafa yana cizo da rana tsaka ba kunya. Mu maleriya muka sani. Da ita muka girma, da ita muka yi renon 'ya'ya. Ni shida na haifa, kuma babu wanda ban riƙe takardar gwajinsa ba. Ban yi nisa a makaranta ba, amma lamba ɗaya na sani kamar sunana, lambar yawan jini. Maleriya shan jini take yi, sai lambar ta yi ƙasa. In ta faɗi sosai a nemo mai ba da jini, in ta fara hawa a yi barka. Ba ni kaɗai ba, duk uwar da ke layinmu haka ta sani.

Ɗakin Sauro, da ke ganin mutum ashirin a wuni, ya koma ganin tamanin. Benci ya cika, mutane na kwance a baranda suna riƙe da kai, suna cewa bayan idonsu kamar ana haƙa. Kowa ta cire wa allura sai ta faɗa masa magana ɗaya: gobe ka dawo, jibi ma ka dawo, ko da zazzaɓin ya sauka, musamman ma in ya sauka, kuma ban da farasitamol kada ka sha komai don ciwon jiki. Lamba kuwa ba ta yi wa kowa bayani. Tsarin aikin ke nan: ita ta ɗiba, Mai Tabarau ya auna, likita ya karanta.

Ranar wata Talata Tela ya kwanta. Ni na kai shi washegari, don ita ba ta da halin barin kujera. Mai Tabarau ya ɗebi jininsa, Tela na ta salati kamar mai naƙuda, aka ɗiga a ɗan allon gwaji, layi biyu suka fito. Dengi ne. Lambar jininsa arba'in da ɗaya. Likita ya ce a koma gida, a yi ta shan ruwa, a dawo kullum. Alhamis arba'in da biyu. Juma'a ma haka.

Ranar Asabar da safe na tarar da shi zaune bakin gado, goshi sanyi ƙalau, yana neman shayi. Ya ce ya warke, babu inda za shi, kayan makarantar yara goma sha biyu na jiransa kafin Litinin. Amma Sauro ta riga ta bar mini saƙo kafin ta fita, cewa ko a kafaɗa ne in ɗauko shi. Na ja shi muka tafi yana ƙunƙuni.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Mai Tabarau ya miƙo mini takarda ta taga. Ya ja wa lambobi biyu layi da jan biro, ya ce in kai wa likita yanzu-yanzu, kada in tsaya ko'ina. Kafin in buɗe baki hannaye goma sun rufe tagar. Na duba ƙofar likita, layi ya zagaya har wajen famfo. Sai na buɗe takarda. Lambar ƙasa ban san ta ba, na bar ta. Ta sama kuwa, tawa, hamsin da ɗaya.

Na ce wa Tela albishirinka, jini ya ƙaru da kusan goma, zazzaɓi ya tafi, har malamin ya ja masa layi don murna. Ya ce to zaman me muke yi cikin marasa lafiya? Na ce ni ma shi na gani. Da za mu wuce na leƙa ɗakinta, tana sunkuye kan hannun wata jaririya, na ce kada in dame ta. Muka shiga mota. A hanya ya ce gaɓoɓinsa na ɗan yi masa tsami, ya tsaya kanti ya sayi ƙwayar nan mai ƙarfi da yake sha in ɗinki ya yi yawa. Ina gani ya haɗiye biyu.

Sai daga baya aka fahimtar da ni, lokacin da fahimtar ba ta da amfani. Dengi ba shan jini yake yi ba. In zazzaɓi ya sauka, a wasu mutanen jijiyoyi kan fara yoyo, ruwan jini ya tsiyaye cikin ciki da ƙirji, abin da ya rage ya yi kauri kamar kunu. Kaurin nan ne na karanta a matsayin ƙaruwa. Lambar ƙasa da na tsallake ta 'yan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini ce, kuma ta faɗi warwas. Ƙwayar da ya haɗiya ita ma tsinka jini take yi.

Ƙarfe uku Sauro ta ajiye allura don ta sha ruwa. Sai a lokacin ta tambayi Mai Tabarau a wane gado aka kwantar da maigidanta. Ya ce ai ya ɗauka ta sani, tun safe ya ba yayarsa takarda. Ta juya littafin da yake rubuta sakamako ta duba da kanta.

Da safar hannu ta shigo shagon, ba ta ko cire ba. Ni ina gefe ina tsinke zare ina ba shi labari. Shi kuwa tun azahar ya daina amsa mini da baki, na ɗauka aiki ne ya sha masa kai. Ya jingina da keke, hannu ɗaya dafe da ciki. Ta kama yatsunsa, sanyi kamar an ciro su daga firji. Ta ɗaga leɓensa, dasashi na tsattsafar da jini.

"Yaya, ina takardar?"

Na ciro ta daga bakin zane. Na ce, "Ga ta. Hamsin da ɗaya fa. Ya ƙaru."

Ta dube ni. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ranar ce na fara ganin ta kalli fuskata ba hannuna ba. Ta ce in kama ƙafafunsa.

A asibiti ba a sa mu layi ba. Aka rataya ledar ruwa, sai jijiya ta ƙi samuwa, duk sun lafe. Nas ta gwada sau biyu, wata ta zo ta gwada uku, Mai Tabarau ya gwada gumi na ɗiga daga tabarau ɗinsa. Duk inda aka soka sai ya yi ta zuba ya ƙi tsayawa. Likita ya waiwaya ya ce a kira Sauro. Tana nan tsaye bakin ƙofa, inda ta saba tsayawa in na gida ne.

Ta zo ta durƙusa. Ta ɗaure igiyar roba, ta rufe ido tana laluben dantsensa da yatsa ɗaya. Tela ya buɗe ido da ƙyar.

"Yau dai kin same ni," in ji shi.

"Na faɗa maka saura kai. Malam, mece ce sana'arka?"

"Tela ne."

"Shi ke nan, an gama."

Sau ɗaya ta soka. Ruwa ya fara tafiya.

Da an sa ruwan nan ƙarfe goma sha ɗaya, likita ya ce mai yiwuwa da wani labarin ake yi. Bai ce tabbas ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Duk bayan awa huɗu ana ɗibar jininsa a auna, kuma ita ke ɗiba, ita ke tsayawa kan na'ura. Lahadi da safe lambar ta sauko arba'in da shida, muka ɗan yi numfashi. Da la'asar ta faɗo talatin, ya fara aman jini. Wannan karon saukar ma ba alheri ba ce, a ciki yake zuba. Aka ƙara masa jini leda biyu, ɗaya daga jikin ɗana. Litinin da hantsi, daidai lokacin da iyayen yara ke buga ƙofar shago, ƙanena ya cika. Allah ya jiƙansa.

Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta gaishe ni, na gaishe ta, iyakarta ke nan. Da ta koma aiki ta sauya abu ɗaya, ba tare da ta nemi izinin kowa ba: takardar mai dengi ba ta fita ta taga. Ita ke karɓa, ta riƙe wuyan hannun mai jinya, ta nuna masa lambar da yatsa ta ce wannan in ta hau ba barka ba ce. In akwai jan biro, da ƙafarta take raka mutum har gaban likita, layi ya yi ta gunaguni.

Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kama ni. Kwana biyu ina ɓoyewa, na uku ɗana ya sa ni a mota. Layi ya kawo kaina, na zauna a kujerar nan mai faffaɗan hannu, na miƙa dantse ban ɗaga kai ba. A raina na ce in ta ɗaure robar nan ta soka, na san matsayina. Tela ya tafi, babu abin da ya rage tsakaninmu, ni da duk wanda ke baranda ɗaya muke.

Ta ɗauki igiyar roba. Ta daɗe tana kallon hannuna. Sai ta mayar da ita cikin kwano, ta ɗaga labule.

"Mai Tabarau, zo ka ɗiba. Ta gida ce."

Ta nufi ƙofa, ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Yaya, in takarda ta fito, kada ki buɗe. Ni zan kai."

Na ce to. Mai Tabarau sau uku ya soke ni, hannunsa kamar na mahauci, kuma kowane karo na sake miƙa masa dantse.